Gaɓoɓin Ƙarfe: Zaɓen Shaf da Boris ga Tsohuwar Motar Gudu

Gabatarwa

A shekarar 1971 wata mota ƙirar Japan mai suna Datsun 240Z ta zo ta ɗaya a gasar Safari ta Gabashin Afirka, gasar da ta yi ƙaurin suna wajen ragargaza motoci saboda ƙura da taɓo da duwatsun hanyoyinta. Edgar Herrmann da Hans Schüller ne suka kai ta ga wannan nasara. A 1973 irin wannan mota ta sake cin gasar a hannun Shekhar Mehta da Lofty Drews. Kamfanin Nissan ya fara fito da ita ne a ƙarshen 1969, kuma tana cikin jinsin ƙananan motocin gudu masu kujera biyu waɗanda ake ƙerawa don jin daɗin tuƙi. An daina ƙera ta a 1973, saboda haka duk wadda ta rage a yau ta haura shekara hamsin, galibinsu kuwa suna hannun masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka da Turai da Japan.

Mai irin wannan mota ba ya rasa wata rana da zai ji ƙara daga bayanta, bakanike ya duba ya ce masa sai an sauya shaf ko boris. Daga nan zaɓe ya kama shi, domin kasuwa cike take da ƙarafa masu kama da juna, masu bambancin farashi, kowanne mai shi yana yabon nasa. Kuskure a wannan zaɓe ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba, domin waɗannan ƙarafa su ne ke riƙe da taya. Idan suka saki a kan gudu, rai ne ke cikin haɗari.

Na ɗauki wannan mota misali ne saboda ƙirar bayanta a buɗe take, mai sauƙin fahimta. Amma ƙa'idojin da za mu gani suna aiki a motar haya da babur da injin niƙa da fankar aji. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: kama da wane ba ta wane. Ido ba ya zaɓen shaf ko boris. Awo da ƙidaya da lissafi ne ke zaɓe.

Hanyar da ƙarfin inji ke bi

Injin 240Z yana gaba, mai silinda shida ne a jere, girmansa lita 2.4. Ƙarfinsa yana bi ta akwatin giya, ya shiga farfela, wato dogon bututun ƙarfen da ke juyi a ƙarƙashin mota, ya isa akwatin raba gudu wanda makanikai ke kira difarenshal. Daga nan shaf guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su ne ke kai juyin ga tayoyin baya. Kowane shaf yana ƙarewa ne a jikin wani guntun aksil mai haƙora, wanda ke juyi cikin boris biyu, shi kuma ake ɗaura taya a kansa.

Bari mu ga yawan ƙarfin da shaf ke ɗauka. Ƙarfin murɗawar injin ya kai kimanin niyuton-mita 200. Giyar farko tana riɓanya shi kimanin sau uku da rabi, difarenshal kuma ya sake riɓanya shi kusan haka. Idan aka haɗa, ya zama wajen sau 12, wato niyuton-mita 2,400, a raba wa shaf biyu, kowanne ya sami 1,200. Kwatankwacin wannan shi ne a rataya nauyin kilo 120 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, a bar shi yana murɗa ƙarfen da kaurinsa bai kai tsintsiyar hannun yaro ba.

Wahalar ba a nan ta tsaya ba. A wannan mota difarenshal a ɗaure yake da gangar jiki, tayoyin kuwa kowacce tana hawa tana sauka ita kaɗai gwargwadon ramukan hanya. Ke nan dole shaf ya yi abu uku a lokaci guda: ya yi juyi, ya lanƙwasa, ya kuma ƙara tsawo ko ya rage. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna da gaɓoɓin jiki a nan, domin matsalar iri ɗaya ce: yadda za a haɗa abu biyu masu tauri su ɗauki nauyi ba tare da an hana su motsi ba.

Mahaɗin Hooke da aibinsa

Shaf na asali na 240Z yana da mahaɗi a kowane ƙarshe, wato wani ƙarfe mai siffar gicciye wanda hannuwansa huɗu ke motsi cikin ƙoƙuna masu ɗauke da siraran allurai na ƙarfe. A tsakiyar shaf ɗin kuma akwai wurin zamewa, inda rabi ke shiga cikin rabi a kan ƙananan ƙwallaye domin tsawon ya riƙa sauyawa. Wannan gicciye shi ake kira mahaɗin Hooke, da sunan Robert Hooke, masanin nan na Ingila. Shi ne dai wanda a 1665 ya duba yankin ɓawon itacen da ake murfin kwalba da shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɗakuna a jere, ya raɗa wa ƙwayar halitta sunan da muke koyarwa da shi har yau. Shi ne kuma mai dokar nan ta miƙewar sifirin da ake karantarwa a darasin fiziks.

Hooke ya nazarci wannan mahaɗi cikin shekarun 1670, ya gano cewa yana da wani aibi. Idan sandunan biyu suna kan layi ɗaya, gudunsu ɗaya ne. Da zarar an karkata ɗaya, to, ko da ta farko tana juyi ba sauyi, ta biyun za ta riƙa ƙara gudu tana ragewa sau biyu a kowane zagaye. Lissafin mai sauƙi ne ga wanda ya san kosin na kusurwa: gudun yana sauka zuwa gudun farko sau kosin, ya kuma hau zuwa gudun farko raba da kosin. A karkatar digiri 5 bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A digiri 10 ya kai kashi ɗaya da rabi. A digiri 30 kuwa, inda kosin yake 0.866, gudun yana faɗuwa da kashi 13 ya kuma hau da kashi 15. Wannan fizga ita ce direba ke ji a matsayin kakkarwa.

Maganin shi ne a yi amfani da mahaɗi biyu, na biyun ya warware abin da na farko ya jawo. Amma akwai sharaɗi biyu: kusurwoyinsu su zama daidai, kuma ƙahonnin da ke riƙe da gicciyen a ƙarshen shaf biyu su kasance a layi ɗaya. Don haka ne bakaniken da ya ƙware yake yin alama kafin ya raba shaf gida biyu, ya kuma mayar da shi yadda ya same shi. Kamfanin Nissan kansa ya ɗanɗani darasin kusurwa. A motocin 1970 da 1971 difarenshal yana ɗan gaba da layin tayoyin baya, saboda haka shaf ɗin suna aiki a karkace ko da hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Daga ƙirar 1972 aka mayar da shi baya da kimanin milimita 35 domin a miƙar da su.

Mahaɗi mai gudu bai-ɗaya

A ƙarshen shekarun 1920 wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ya fito da wata dabara daban. Maimakon gicciye, sai ya sa ƙwallaye shida na ƙarfe cikin keji, suna birgima a cikin tsagogi tsakanin dunƙule na ciki da ƙoƙo na waje. Siffar tsagogin tana tilasta wa ƙwallayen su tsaya kullum a tsakiyar kusurwar da sandunan biyu suka yi, saboda haka gudun shiga da na fita ɗaya ne, ko da karkata ta haura digiri 40. Irin wannan mahaɗi ne ya sauƙaƙa ƙera motoci masu ja da tayoyin gaba, kamar Mini ta 1959, kuma shi ne ke bakin tayar gaba a yawancin ƙananan motocin da ke kan titunanmu.

Shi ma yana da nasa lagon. Rayuwarsa ta rataya ne a kan robar da ta lulluɓe shi, wadda ke tsare giris a ciki, ta hana ƙura da ruwa shiga. A gaɓar mutum ma haka abin yake: akwai jaka mai rufe gaɓa, a cikinta akwai ruwa mai yauƙi da ke sa guringuntsi ya zame a kan guringuntsi. Bambancin shi ne jiki yana sabunta ruwansa, roba kuwa idan ta tsage babu mai ɗinke ta. Giris ya fita, yashi ya shiga ya gauraya da ragowarsa, sai mahaɗin ya shiga cin kansa. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji idan mota mai ja da gaba tana shan kwana alama ce cewa ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Tambayoyi huɗu kafin a sayi shaf

Mai 240Z yana da hanyoyi uku: ya gyara shaf na asali ta hanyar sauya gicciyensa, ko ya sayi wani irinsa, ko ya koma ga shaf mai gudu bai-ɗaya, kamar wanda Nissan ya sa wa 280ZX Turbo a farkon shekarun 1980, ta hanyar ƙara faifan ƙarfe mai haɗa sabon da tsoho. Kowace hanya ya bi, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya amsa.

Ta farko, wane aiki motar za ta yi? Motar da injinta da tayoyinta suke yadda aka ƙera su ba ta buƙatar abin da ya fi shaf na asali, muddin wurin zamewarsa bai lalace ba. Wanda ya ci gasar Safari ba zai gaza a kan kwalta ba. Amma wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, ko ya sa tayoyi masu faɗi masu kama ƙasa, ya sauya lissafi. Siririyar taya takan yi santsi idan ƙarfi ya yi yawa, ta haka take sauƙaƙa wa shaf. Taya mai faɗi ba ta santsi da wuri, saboda haka duk ƙarfin a kan ƙarfe yake ƙarewa.

Ta biyu, haƙora nawa ne? Guntun aksil na 240Z haƙora 25 gare shi, na ƙanwarta 280Z, wadda aka sayar a Amurka daga 1975 zuwa 1978, haƙora 27. A ido kusan ɗaya suke, amma faifan ɗaya ba ya shiga ɗayan. A mota mai shekara hamsin da ta bi hannuwa da yawa, babu tabbacin cewa abin da ke jikinta shi ne abin da ta fito da shi daga masana'anta. Sai a kwance a ƙidaya.

Ta uku, tsawon ya dace? Difarenshal na 240Z ana kiransa R180, domin faɗin babban giyansa milimita 180 ne. Mutane da yawa sukan sauya shi da R200 na 280Z mai giyar hannu, wanda ya fi shi girma, sai tazarar da ta rage wa shaf na hagu ta ragu. Haka kuma rage wa mota tsayi yana sauya tazara da kusurwa. Idan shaf ya tsuke iyakar tsukewarsa alhali taya tana da sauran tafiya, sai ya zama turke yana tokarar boris da difarenshal. Idan kuma ya yi gajarta, yana iya zarewa. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗaga mota, a cire sifirin, a motsa taya daga can ƙasa zuwa can sama, a ga cewa a kowane matsayi akwai sauran wurin zamewa.

Ta huɗu, idan aka ƙarfafa shaf, me zai karye a madadinsa? Juriyar sanda ga murɗawa tana tafiya da kaurinta sau kansa sau uku, wato ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kauri yana ba da ƙarin kashi 33 a juriya. Wannan ne ya sa masu ƙara ƙarfin inji sukan koma ga guntun aksil na 280Z. Wanda ya sa shaf mai ƙarfi ya bar siririn guntun aksil ya tura raunin ne zuwa wurin da ya fi haɗari, domin karyewar shaf tsayar da mota take yi, karyewar guntun aksil kuwa tana iya raba taya da mota.

Boris da lissafin kwanansa

Aikin boris shi ne mayar da gogayya birgima. Idan busasshen ƙarfe yana jan ƙarfe, ƙarfin da ake buƙata ya kai wajen rabin nauyin da ke kai. A cikin boris mai ƙwallo kuwa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu ba. Akwai iri biyu a 240Z. Tayoyin gaba suna kan boris mai 'yan sanduna masu siffar mazurari, irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka a 1898, wanda ke jure nauyin sama da turin gefe. Na baya kuwa masu ƙwallo ne, guda biyu a kowane gefe.

Boris ko an kula da shi yana da ajali, domin ƙarfe yana gajiya. Duk lokacin da ƙwallo ta bi ta kan wani wuri a zobe, sai ta matse shi ta sake shi, har wata rana ƙaramar tsaga ta fara daga ƙarƙashin fatar ƙarfen ta ɓamɓaro. Taya mai kewayen mita biyu tana juyi sau 500 a kilomita ɗaya, wato sau miliyan 50 a kilomita 100,000. A 1947 masana biyu na ƙasar Suwidin, Gustaf Lundberg da Arvid Palmgren, suka shimfiɗa lissafin da masana'antu suka gina awonsu a kai. A taƙaice, kwanan boris mai ƙwallo yana raguwa gwargwadon nauyi sau kansa sau uku. Idan aka ninka nauyi, kwanansa ya koma ɗaya bisa takwas. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari kawai ya isa ya raba shi biyu, domin 1.25 sau 1.25 sau 1.25 ya kusa 2.

Wannan lissafi ya shafi mai son ƙawata mota kai tsaye. Idan ya sa garejin taya mai turo taya waje, ya tsawaita hannun da nauyi ke bi ya lanƙwasa aksil, kamar yadda bokitin ruwa ke ƙara wa kafaɗa wahala idan aka miƙe hannu da shi. Motar ba ta ƙara nauyi ba, amma boris ya ƙara ɗaukar kaya.

Karanta lamba, guje wa jabu

Boris yana ɗauke da sunansa a jikinsa. Alal misali, a lamba 6205, 6 tana nufin mai ƙwallo jeri ɗaya, 2 tana nuna ajin kaurinsa, 05 kuwa idan aka riɓanya ta sau biyar ta ba da faɗin ramin ciki, wato milimita 25. Faɗinsa na waje 52 ne, kaurinsa 15. Haruffan da ke biye ma suna da ma'ana: 2RS murfin roba ne gefe biyu, ZZ murfin ƙarfe, C3 kuma ƙarin sarari ne tsakanin ƙwallo da zobe. Wanda ya je saye sai ya tafi da cikakkiyar lambar tsohon, ya gwada ta da littafin gyaran motar, ya kuma auna da ma'aunin baniya. A bayan 240Z akwai wani bututun tazara tsakanin boris biyun, mai ɗauke da harafi A ko B ko C, wanda dole ya dace da harafin da ke jikin gidan boris. Bambancinsu bai kai milimita ɗaya ba, amma idan aka sa wanda bai dace ba, boris zai matsu ya yi zafi, ko ya yi sako-sako.

Boris na gaske ana yin sa ne da ƙarfe mai tsabta, mai kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na kabon da kashi ɗaya da rabi na kuromiyam, wanda aka gasa ya yi tauri. Na jabu yana iya fin sa sheƙi, kwalinsa ma ya yi kyau, domin kwaikwayon kwali ya fi kwaikwayon ƙarfe sauƙi. Manyan kamfanoni irin su SKF sun fito da manhajar waya don taimaka wa mai saye ya tantance kayansu. Mafi aminci dai shi ne saye daga dillalin da kamfani ya amince da shi, a kuma yi shakkar farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai. Araha ba ta ado.

Ɗaurawa ma rabin zaɓe ce

Sau da yawa boris mai kyau yakan mutu ne a ranar da aka sa shi. Idan aka buga zoben waje da guduma don a shigar da zoben ciki, bugun yana bi ta ƙwallaye, su lotsa hanyarsu, ƙarar kuwa ta fito bayan 'yan makonni. Ƙa'ida ita ce a matsa zoben da ake shigarwa shi kaɗai, da injin matsi. Boris mai siffar mazurari ana sauya shi tare da ƙoƙonsa, ba a aurar da sabo ga tsoho. A yi aikin a wuri mai tsabta, domin ƙwayar yashi ta fi kaurin fatar man da ke raba ƙwallo da zobe nesa ba kusa ba. Wannan gargaɗi ya fi shafar mu da muke aiki a fili cikin ƙurar hunturu. Kowane wuri da girisinsa: na mahaɗin Rzeppa baƙi ne mai sinadarin molibdinam, na boris ɗin taya kuma mai jure zafin birki, ba a kuma gauraya iri biyu. Daga ƙarshe a sa sabon noti, a ɗaure shi da sufana mai awo zuwa adadin da littafin motar ya faɗa.

Gwaji don aji

Malami yana iya roƙon tsohon gicciye da ƙahonninsa a garejin makanikai, ya manna takarda mai zanen digiri a kowane ƙarshe. A karkata shi da digiri 30, ɗalibi ɗaya ya riƙa juya gefe guda digiri goma-goma, wani yana rubuta abin da ɗaya gefen ya nuna. Idan aka zana sakamakon, za a ga gefe na biyu yana wuce na farko yana kuma komawa baya da kimanin digiri huɗu, sau biyu a zagaye. Haka kuma a wanke tsohon boris da kananzir, a duba zobensa da gilashin ƙara girma: ɓamɓarewa alamar gajiya ce, lotsawa a jere alamar guduma, launin shuɗi alamar zafi, dusashewa kuwa alamar ƙura. Gani ya kori ji.

Kammalawa

Mun ga cewa shaf da boris da guntun aksil da taya abu guda ne, taɓa ɗaya taɓa saura ne. Likita ba ya ƙara wa majiyyaci jini don launinsa ya yi kama da nasa, sai ya gwada rukuni. Haka mai gyaran tsohuwar mota zai ƙidaya haƙora, ya auna tsawo, ya duba kusurwa, ya karanta lamba, sa'an nan ya fito da kuɗi. Ɗalibin da ya saba da wannan ɗabi'a a kan ƙarfe zai same ta tana jiransa a ɗakin gwaje-gwaje, kowane fanni ya zaɓa.